Awa Biyu Zuwa Alƙahira

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rahama. Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa na ɗora wa Abdulbasit karan tsana, wai yaro ne mai son ubansa, to ku gyara zama. Ni dai bakina alaikum.

*

Goggo Batulu ce ta fasa ƙwan, kuma ba ta ma san ta fasa ba.

Da hantsin Lahadi Mashkura ta iso gidansu na Karu, domin ta ji an ce yayanta Abdulbasit ya dawo daga Masar shi kaɗai, ya baro mahaifinsu can a hannun likitoci. Kwana tara ke nan da ya fita da tsohon, Alhaji Manniru, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kayar bayan ƙaramar Sallah har ta ɗaure masa harshe. Ranar tafiyar Mashkura tana Legas wajen wani kwas da ofishinsu ya tura ta. Ba wanda ya gaya mata ranar, sai da ta fito daga aji da yamma ta ga saƙon murya a guruf ɗin gida, Yaya yana cewa sun sauka Alƙahira lafiya, har an ba Baba gado. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta ɗauka jirgin safe suka bi.

Yanzu ga ta a tsakar gida, ga Goggo, ƙanwar Baba, ta baje dabinon tsaraba a faranti tana tsinta tana sa wa Abdulbasit albarka. Ba ta bar komai ba a labarin ranar tafiyar. Yadda aka jira aka sauko daga masallacin Juma'a don maƙwabta su kama a sa Baba a mota, yadda ita da hannunta ta ba shi kunu cokali huɗu, ta gyara masa hula, ta tofa masa addu'a.

"Ke dai jirgin sama abin al'ajabi ne, Mashkura. Wallahi ko kwanukan rana ban gama wankewa ba, ina alwalar la'asar, sai ga saƙo wai har sun sauka."

Mashkura ta ajiye dabinon da ta kai baki.

"Goggo, bayan Juma'a kika ce?"

Goggo ta ce ƙwarai kuwa, in ba ta yarda ba ta leƙa ta tambayi Malam Ɗangoggo mai shago, shi ya riƙe ƙafafun Baba, da sallayarsa ma a kafaɗa. Mashkura ta zaro wayarta ta gangara can sama cikin guruf har ta samo saƙon. Ƙarfe huɗu da minti shida na yamma. Ta sake dubawa, ta kuma duba, lambar ba ta canza ba.

Shekara shida tana yankar wa mutane tikiti a wani ofishin tafiye-tafiye da ke Wuse. Ko daga barci aka tashe ta aka ce Abuja zuwa Alƙahira, za ta ce awa biyar a sama, wani lokacin har da ɗoriya, in jirgin bai tsaya ko'ina ba ke nan. Wannan aikin nata ne Abdulbasit ya kalla ya taɓe baki lokacin da aka sayar da gonar Baba ta Yangoji domin tafiyar. Ta ce ya kawo fasfo ta yi musu biza da tikiti, ya ce shi ba zai kai lafiyar ubansa wajen masu yankan tikitin Legas ba, yana da mutanensa manya. A gaban kowa ya faɗa, har da dariya. Ta haɗiye, saboda shi ne babba, kuma shi ne namiji, kuma Goggo ta ce ta bari.

To yau ga manyan mutanen nasa sun kai shi Masar tsakanin Juma'a da la'asar.

Ƙamshin turarensa ne ya riga shi fitowa. Sai ga shi daga falon Baba cikin farar jallabiya mai sabon kari, da carbi a hannu, yana tafiya ɗai-ɗai kamar ƙasar ma alfarma yake yi mata. Mutumin da sana'arsa sayar da caja da murfin waya, wanda sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgi, shi ma Abuja zuwa Legas a bikin abokinsa, yau shi ne Goggo ta miƙa wa ruwa ya ce wai "shukran." Mashkura ta kawar da kai. Ta tsani jallabiyar, ta tsani carbin, ta tsani yadda ya harɗe ƙafa a kujerar Baba.

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka saba, ta yi masa sannu da hanya. Ya amsa da hanci, ya shiga ba da labarin da ba a tambaye shi ba. Asibitin hawa goma sha biyu ne, likitan wani Balarabe ne mai farin gemu, Baba har ya fara motsa yatsu, amma sun hana ɗaukar hoto, doka ce a can. Goggo sai alhamdulillahi take jerawa tana share ƙwalla da bakin mayafi.

"Yaya, awa nawa kuka yi a sama?"

Ya ɗan ja carbi, ya dubi silin kamar mai lissafi.

"Kamar awa biyu. Jirgin babba ne, yana da gudu."

Dariya ce ta ƙwace mata, irin wadda ba ta da daɗin ji. Goggo ta ɗago ta harare ta, ta tambaya ko lafiya take yi wa yayanta dariya. Mashkura ta ce lafiya lau, mamaki ne kawai ya kama ta, ashe an ƙera sabon jirgi ba a sanar da ofishinsu ba.

"Legas awa ɗaya ce, ka taɓa zuwa. Shi ne ka zauna ka ce to Masar ƙasar waje ce, bari in ninka. Ko ba haka aka yi ba, Yaya?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce ita fa matsalarta ke nan, raini, don ta iya danna kwamfuta sai ta ɗauka ta fi kowa sani. Ta juya ga Goggo ta shiga yi mata bayani a hankali, da yatsu, yadda ake yi wa wanda bai taɓa zuwa filin jirgi ba. Daga ƙofar gidan nan zuwa filin jirgi awa guda ce in hanya ta yi kyau, balle ranar Juma'a da aka taso daga masallaci. Mai fita ƙasar waje kuma awa uku ake so ya iso kafin tashi, a auna kaya, a duba fasfo, balle mai mara lafiya a keken guragu da sai an nemo masu tura shi. Sannan a tashi, a yi awa biyar ana keta sama, tafiyar da ta haura kilomita dubu uku. In an sauka a bi layi a buga hatimi, a nemi mota, a shiga gari.

"Goggo, in da gaske jirgi suka hau, lokacin da kike alwalar nan ko takalminsu ba a gama dubawa ba."

Goggo ta dubi Abdulbasit, shi kuwa ya yi wani murmushi na wanda ya tuno makami.

"Kin ga jahilcin naki ko? Ba ki san akwai bambancin lokaci tsakaninmu da Masar ba? Agogonsu daban, namu daban."

Kai, jama'a. Da ma shiru ya yi. Mashkura ta yi masa kallon sama da ƙasa, tun daga hular har silifas, ta ce e, akwai bambanci, awa ɗaya ne ko biyu gwargwadon watan da ake ciki, kuma su ne a gaba. Amma wayar Goggo a Karu take, ladanin da ya kira la'asar ma a Karu yake, sai dai in shi ma agogon Masar ya ɗaura. Ta ce bambancin lokaci agogo yake juyawa, ba ya naɗe ƙasa.

Nan ya miƙe ya hau borin kunya. Shi za a titsiye? Shi da ya bar shagonsa kwana tara, ya kwana a kan kujerar asibiti, ya wanke wa Baba jiki da hannunsa, lokacin ita tana Legas tana shan iskar otal? Da ya ga ba ta ko ƙifta ido ba sai ya canza hanya, ya ce ai ba jirgin 'yan kasuwa suka hau ba, jirgi ne na musamman na marasa lafiya, mutanensa suka shirya. Ta ce to madalla, wannan ɗin a bayan gidan nan ya sauka ya ɗauke su, ko a filin ƙwallon makarantar firamare? Kuma wane irin mai yake sha?

"Mashkura, ya isa," in ji Goggo, amma muryarta ba ƙarfi. Ta daina tsintar dabinon tuntuni.

"Bai isa ba, Goggo. Ya kawo fasfonsa. Duk wanda ya fita ƙasar nan ana buga masa hatimi, in ya dawo a sake bugawa. In na ga hatimi, wallahi a gabanki zan durƙusa in ba shi haƙuri."

Ya ce fasfon yana wajen mutanensa. Ta ce jiya fa ya sauka. Ya ce a filin jirgi suka karɓa. Ta ce su waye su, jami'an shige da fice ne ko iyayen gidansu? Yana cikin kame-kame idonsa ya kai kan baƙar jakar da ke jingine a ƙofar falo, sau ɗaya, da sauri, ya ɗauke. Ita kuwa ta gani.

Ta miƙe, ya sha gabanta. Suka tsaya ƙirji da ƙirji, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna yara, har ya ɗaga hannu.

"Abdulbasit." Goggo ce, ba ta ɗaga murya ba. "Sauke hannunka. Miƙo min jakar nan."

Ya fara cewa Goggo kar ta biye wa yarinyar nan, ta ce ba da yarinyar take magana ba, da shi take, kuma ita ta yi masa wanka yana jariri a Katsina tun bai san sunansa ba, in ya isa ya hana ta. Jiki ba ƙwari ya ɗauko ya ajiye a gabanta.

Goggo ta zuge jakar da kanta. Riguna biyu marasa wanki, buroshi, caja, wata leda mai tambarin wani shagon jallabiya na nan cikin Abuja, ko cire rasit ɗin bai yi ba. Mashkura ta ɗaga ledar ta nuna masa, ta yar. A aljihun ciki Goggo ta laluba ta zaro koren littafi. Ta sake lalubawa, ta zaro na biyu.

Duka biyun fasfo ne.

Mashkura ta karɓi na farko ta buɗe. Na Abdulbasit ne, sabo fil, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa yadda zai gani, fari tas, ko ƙuda bai taɓa sauka a kai ba. Na biyun yana hannun Goggo. Ita ba ta yi boko ba, ba ta san me aka rubuta ba, amma ba ta buƙatar kowa ya karanta mata fuskar ɗan'uwanta. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Mashkura, mutum yana iya zama a Masar fasfonsa yana Karu?"

"Ba ya iyawa, Goggo."

Goggo ta rufe fasfon ta ɗora a cinya, ta dafa shi da hannu biyu.

"Ina ka kai min yayana?"

Duk wannan hura hancin, duk shukran ɗin, sai ga Abdulbasit a durƙushe a kan siminti, jallabiyar tana sharar ƙasa. Maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. Mutanen nasa, ashe mutum ɗaya ne, wani da ya haɗu da shi a shago ya ce yana fitar da marasa lafiya. Shi ya karɓi kuɗin gonar da fasfunan, ya yi ta cewa biza gobe, biza jibi. Ana saura kwana biyu tafiya ya aiko da fasfunan a hannun ɗan acaɓa, ba biza ba tikiti, ya kashe waya. Ofishin da ya nuna masa ma ashe na wasu ne. To ya riga ya gaya wa duk unguwa ranar Juma'a za a tafi, an yi addu'a a masallaci, an zo sallama. Sai ya sa Baba a mota, da suka hau babban titi maimakon ya yi hanyar filin jirgi ya karya ya bi hanyar Keffi, ya kai shi wani ƙaramin asibiti a Masaka, wai kafin ya gyara takardu.

"Me ya hana ka kira ni?" Mashkura ta tambaya. "Waya ɗaya. Aikina ne. Kwana nawa zai ɗauke ni?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce ai ya san abin da za ta ce.

Wannan amsar ta fi ƙaryar ƙona mata rai. Wato don kar ƙanwarsa mai yankan tikitin Legas ta ce ai na gaya maka, shi ya sa ya ɗauki tsoho mara baki, wanda ko ƙuda ba ya iya korewa, ya kai shi ya ɓoye kamar kayan sata. Ta dube shi a durƙushe yana jan majina, ta nemi tausayi a zuciyarta ko ƙanƙane, ba ta samu ba. Raini ne kawai, cike fal.

"Ko ƙaryar ma ba ka iya ba," ta ce. "Da ka bari sai tsakar dare ka turo saƙon, da har yau ina sa maka albarka. Awa takwas kawai za ka jira, Yaya. Ko wannan haƙurin ba ka yi wa Baba ba."

Goggo ta riga ta yafa mayafi. Ta ce kukan ya isa haka, ya tashi ya kai su yanzu-yanzu, kuma ya cire wannan rigar kafin ya shiga mota, ba ta son ganinta. Ya tuɓe ta nan tsakar gida, ya bi su da 'yar shara da wando. Malam Ɗangoggo yana ɗaga musu hannu daga shago yana tambayar ya jikin Alhaji a Masar, suka shige mota suka ja.

Mashkura ce ke tuƙi, Goggo a gefenta da fasfon a hannu, shi a baya. Lahadi ce, hanya ba cunkoso sosai, sai 'yan coci da ke tsallaka titi cikin kwalliya. Suka wuce Nyanya, suka wuce Mararaba. Goggo sai lissafa abin da za a yi take, a ɗauko shi yau a mai da shi babban asibiti, a dama masa kunun gyaɗa don shi yake so, ko waye ma yake ba shi abinci a can, ko sun san ba ya shan ruwan sanyi. Tana tambaya tana waiwayen Abdulbasit, shi kuwa ya manna goshi da gilashi.

Ita Mashkura agogon mota take kallo. Ashe duk kwanakin nan da take tashi tana duba yanayin garin Alƙahira a waya, tana cewa ko Baba yana jin zafi, yana nan bayan Mararaba, tafiyar da ba ta kai zuwa ofishinta da dawowa ba. Har jiya da safe wannan mutumin ya turo saƙo wai Baba yana gaishe da kowa da ido. Ta ji haushin kanta ya kusa kai wanda take ji nasa, ita da ake biya don ta san lokacin tashi da na sauka, ba ta taɓa tambayar ƙarfe nawa suka bar gida ba.

Minti talatin da huɗu suka yi. Bayan kasuwar Masaka ya ce ta sauka daga titi ta yi dama, ta bi wani layi mai kwata a tsakiya, har suka iso wani gini mai hawa ɗaya da fentinsa ya koɗe, an shanya zannuwan gado a kan katanga. Mashkura ta taka birki ta yi tsaki. Wannan ne asibiti mai hawa goma sha biyu. Goggo har ta kama murfin mota za ta buɗe.

"Goggo, tsaya." Muryarsa can ƙasa. "Mashkura, ki wuce gaba."

"In wuce ina? Ba nan ba ne?"

"Nan ne. Amma ba ya nan tun ranar Talata."

Goggo ta juyo gaba ɗaya, ta tambaye shi ko wani asibitin aka mai da shi, ko jikin ne ya tashi. Hannu kawai ya ɗaga ya nuna wata hanya mara kwalta da ta yi hagu a ƙarshen layin, ta bi ta bayan gidaje ta nufi fili.

Mashkura ta saki birki, motar ta gangara a hankali. A bakin hanyar akwai wani allon ƙarfe da tsatsa ta ci gefensa, an zana kibiya, an yi rubutu da baƙin fenti. Tun daga nesa ta karanta. Makabartar Musulmi. Ƙafarta ta sauka daga kan totur, motar ta mutu a tsakiyar hanya, ta riƙe sitiyari da hannu biyu ta kasa waiwayawa.

Goggo ta gyara fasfon a cinyarta, ta matso da fuska kusa da gilashi tana ƙanƙance ido.

"Mashkura, me aka rubuta a jikin allon can?"